Layi na Tamanin da Takwas

Shekara arba'in ke nan, amma har yau in aka ambaci sunan Dokta Fadipe sai in ji abinci ya fita raina. 'Ya'yana kan ce, "Iya, mutumin nan fa ya daɗe a ƙasa, ki haƙura mana." Ina ruwana da daɗewarsa a ƙasa? Ya tafi da bakinsa a rufe, bai taɓa cewa shi ya aikata ba. To ni nawa bakin a buɗe yake, duk da ya makara wajen buɗewa, kuma yau sai na faɗi labarin Anti Abeke yadda ya faru, har da wurin da ni ma ban fita da kyau ba.

Abeke Oyelaran sunanta. An haife ta a unguwar Oje, cikin tsohon garin Ibadan, a gidan mai gyaran keke. Karatunta bai wuce aji shida ba. Daga nan mahaifinta ya kai ta unguwar Dugbe wurin wani tsoho mai koyar da buga tafireta, wanda ke rufe wa ɗalibansa hannu da ƙyalle don kada su kalli haruffa, wanda ya leƙa kuwa a sauke masa rula a yatsu. Ta ce ta sha rula har yatsun suka haddace komai da kansu. Shekara tara ta yi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin kotu, tana buga wa mutane takardun koke da na rantsuwa. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kullum da tabarau ɗaure da zare a wuya, kuma ban taɓa ganin ta zo aiki da ɗankwali a karkace ba.

Ofishinmu ba zan kama sunansa ba. Aikinsa dai jarrabawa ne. Kwalejojin horar da malamai su aiko da sunayen ɗalibai da makinsu, mu shigar a kwamfuta, mu fitar da jerin waɗanda suka ci, a aika hedikwata a buga hatimi. An ɗauke ta shekarar da aka kawo kwamfutar, ni Sikira na zo bayanta da wata huɗu, aka ba ni kula da babban injin da ke buga takardu. Shekara uku kacal ta ba ni, amma Anti nake ce mata, kowa ma haka.

Yaran yanzu in an ce kwamfuta sai su laluba aljihu. Tamu ta kai girman kabad uku, tana da ɗakinta da na'urar sanyinta, mu da muke mutane muna gumi a waje. Babu gilashin kallo. Abin da ke gabanka kamar tafireta ne mai waya, da naɗin takarda a bayansa. Duk abin da ka buga ya fito a takardar, duk abin da injin ya amsa shi ma ya fito a ƙarƙashi. Shirin da muke gyara rubutu da shi kuwa Bebe muke ce masa, don ba ya magana. In ka yi daidai ya yi shiru. In ka yi kuskure ya buga maka alamar tambaya guda ɗaya tak, shi ke nan, kai ka nemo inda ka ɓata. Ba ya nuna maka shafi, layi-layi yake aiki, kowane layi da lambarsa, sauran rubutun sai dai ka riƙe a kanka.

Anti Abeke ce ta fara gane kansa. Littafin da ya zo da injin ya fi bulo kauri, maza masu takardun shaida sun buɗe sun rufe. Ita ta kwashe wata biyu tana tafiya da shi gida a cikin jakar kasuwa, ta dawo ta yanki kwalin sabulu, ta rubuta abu bakwai a bayansa ta manna a bango. Ranar da na roƙe ta ta koya mini, ta nuna kwalin da bironta.

"Waɗannan su ne abincinki," ta ce. "Ki buga a, ya buɗe baki ya karɓi duk abin da kika zuba masa. In kin gama ki sa ɗigo shi kaɗai a layinsa, ya rufe bakin. Lamba da p, ya nuna miki layin. Lamba da d, ya goge shi. Da s ake canza kalma a cikin layi. Kada ki kuskura ki tashi ba ki buga w ba, shi ne adanawa, in ba haka ba aikin yini ya bi ruwa. Sannan q, ki yi masa sallama."

"Shi ke nan, Anti? Abin da mazan nan ke ta ɗaure fuska a kai?"

"Ki zauna tukuna ki gani."

Na zauna na gani. A mako na farko na manta da ɗigon nan. Na buga w, shiru. Na buga q, shiru. Na sake q har sau uku, raina ya ɓaci, na buga masa ɗan banza da manyan baƙaƙe. Ashe bakinsa a buɗe yake, duk yana haɗiyewa a matsayin suna. Da aka buga jerin gwaji sai ga Ɗan Banza tsakanin wata Folake da wani Gbadebo, ya ci jarrabawa abinsa. Anti ta yi dariya har ta cire tabarau, ta yi wata guda tana tambayata ko ɗan nawa ya sami makarantar da zai koyar.

Dokoki biyu ne ba ta wasa da su. Ta farko, ba a buga d sai an buga p, ka ga abin da za ka goge da idonka. Ta biyu, in an ba ka lambobin layuka da yawa ka goge, daga ƙasa ake farawa a yi sama. Na tambaye ta dalili muna cin amala da miyar gbegiri a rumfar bayan ofis.

"Kin taɓa tsayawa layin famfo?" ta ce. "In ta biyu ta ɗauki bokitinta ta tafi, ta uku ta zama ta nawa?"

"Ta biyu."

"To Bebe ma haka. Kika goge na sama, duk na ƙasa sun matsa, lambobin da ke hannunki sun zama ƙarya. Kika fara daga ƙasa kuwa, na sama ba su san an yi ba."

Wannan magana yaro ɗan aji uku zai gane ta. Dokta Fadipe da ya yi shekara bakwai a ƙasar waje bai gane ba har ya mutu.

An kawo mana shi shugaban sashe shekara shida bayan zuwan injin. Dogo ne, da laktaye ko a watan da kwalta ke narkewa, in yana magana yana kallon saman kanka. 'Yan tafireta yake kiranmu. A ranarsa ta biyu ya ga kwalin sabulun nan a bango ya fizge shi.

"Nan ofis ne ko kasuwar Oje?"

Anti ta durƙusa kaɗan ta ce, "Yi haƙuri, Sa," ta ɗauki kwalin daga kwandon shara, ta kakkaɓe, ta sa a aljihun teburinta. Ni da ke bayan injina sai da na cije leɓe. Mutumin da bai taɓa sa yatsa a kan Bebe ba, wai shi ke koya mana tsari.

Ana nan surukar Anti ta rasu a Ogbomoso, tsohuwa mai shekara casa'in, irin jana'izar da ake anko da makaɗa. Ta ɗauki hutun kwana uku, daga Alhamis. Ranar Juma'a da hantsi takarda ta zo daga hedikwata: ɗalibai tara an kama su da satar amsa, a cire sunayensu daga jerin waɗanda suka ci kafin a aika. Magatakarda ya duba bugun da ke hannu ya rubuta lambobin layukansu, daga ƙarama zuwa babba.

Na ce, "Oga, a bari Anti ta dawo Litinin, ko ni in yi."

"Don goge layi tara sai na jira mai aji shida ta gama rawa?" Ya ja kujerarta ya zauna. "Mece ce kalmar sirrinta?"

Shi tasa bai taɓa amfani da ita ba, ya manta. Ni na san tata, don ita ta ba ni saboda irin ranar da ba ta nan. Na faɗa masa. Allah ya sani da harshena ya karye a lokacin da ya fi mini.

Ya sa takardar a gabansa, ya buga lamba ta farko da d. Babu p. Ya nufi ta biyu.

"Oga, daga ƙasa ake farawa."

"Wa ya tambaye ki?"

"Anti ta ce layukan suna matsawa, in aka..."

"Anti ta ce. Ni injin da na yi karatu da shi ko a mafarki Antinki ba ta gan shi ba. Je ki kula da takardunki."

Na tafi. Ya goge tara, ya tambaye ni daga nesa da me ake adanawa, na ce w, ya buga. Bebe bai ce uffan ba, don an ba shi lamba ya goge lamba. Na buga jerin, Dokta ya sa hannu bai karanta ba, don bai taɓa karanta abin da yake sa wa hannu ba, direba ya kai hedikwata kafin masallacin Juma'a. Na farkon ne kawai ɓarawon gaske. Sauran takwas ɗin yara ne da ba su ji ba ba su gani ba, ɓarayi takwas kuma suna nan daram a jeri. Ni kuma na ce a raina wataƙila ni ce ban gane ba, ai dokta ne. Litinin Anti ta dawo da tsarabar goro, na karɓa, ban ce mata komai ba.

Bayan mako uku sai ga wani dattijo masaƙi daga Iseyin, Baba Ajani, da 'yarsa Ramota. Yarinyar ce ta ɗaya a kwalejinsu shekara uku a jere, jeri ya fito babu sunanta. Dattijon nan a shekaru ya isa ya haifi Dokta, amma da ya shiga ofis sai ya kwanta rubda ciki a kan siminti da babbar rigarsa, yana cewa a taimaka a duba. Dokta ko biro bai ajiye ba.

"Baba, injin ba ya kuskure. In babu sunanta ba ta ci ba."

Anti Abeke ce ta ɗaga dattijon, ta ba shi kujerarta. Ta ɗauko tsohon bugu ta sami Ramota, sai ga sunan ɗaya daga cikin ɓarayin layi huɗu a samanta. Ta wuce ɗakin ajiya inda take ɗaure naɗin takardar kowace rana da zare, da kwanan wata a jiki, ta warware na Juma'ar nan. Lambobi tara, daga ƙarama zuwa babba, kowace da d, babu p ko ɗaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai.

Ta kai maganar gaba, aka kafa kwamiti, maza uku daga hedikwata, babu wanda ya taɓa ganin Bebe a cikinsu. Anti ta shimfiɗa naɗin a tebur, ta yi musu bayanin layin famfo. Ɗayansu ya yi dariya ya ce ko Madam na so a kawo bokiti. Dokta ya miƙe ya gyara laktaye, ya nuna saman takardar.

"Sunan wa ke nan? Da sunan wa aka shiga injin?"

"Ina Ogbomoso ranar, Sa. Mutum ɗari biyu sun gan ni."

"To wa kika bar wa kalmar sirrinki? Ko ke ko wanda kika ba, laifin naki ne. Maganar sama da ƙasa kuwa, ranku ya daɗe, camfi ne na 'yan tafireta. Injin bai san sama ba bai san ƙasa ba."

Suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Sai shugabansu ya juyo gare ni, ya ce an ce ina ɗakin ranar, wa na gani a kujerar?

Ga inda ban fita da kyau ba. 'Ya'yana huɗu, mijina wata shida ke nan da aka rufe masana'antarsu, kuma ni na faɗi kalmar sirrin. Dokta yana kallona, a karo na farko cikin idona yake kallo ba saman kaina ba. Na ce, "Ina wurin injina, Sa, ƙararsa ta yi yawa, ban lura ba."

Shi ke nan. Aka sa wa Anti takardar gargaɗi a fayil, wai sakaci. Yaran takwas kuma aka ce jeri ya riga ya sha hatimi, ba a taɓa abin da ya sha hatimi, su sake zama baɗi. Ta rubuta wa hedikwata wasiƙa uku a kan yaran, da tafiretarta ta gida, ba a amsa ko ɗaya ba. Ramota ba ta dawo ba, daga baya na ji tana sayar da zare a kasuwar garinsu. A nan muka koyi cewa sunan da ya fita daga jerin da ya isa hedikwata ba ya dawowa.

Abin da ya fi ci mini rai, Anti ba ta daina gaishe ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Washegarin zaman kwamitin da rana ta buɗe kwanonta na wake da soyayyar ayaba ta turo mini kamar kullum.

"Sa hannu, ƙanwata."

"Na ƙoshi, Anti."

"Ke da ba kya ƙoshi? Sa hannu kafin ya huce."

Na ci. Na yi ta jiran ta ɗago maganar, ba ta ɗago ba, ni ma ban yi ƙarfin halin ɗagowa ba. Haushin kaina ya koma haushin Dokta, in ya wuce sai in ji kamar in kwaɗa masa kwalbar tawada.

Bayan wata biyar aka shiga rage ma'aikata, ko'ina a garin maganar ke nan. Aka ce ofishinmu ya ba da mutum huɗu. Rajistar ma'aikata ma a cikin kwamfutar take, mutum ɗari da talatin da wani abu, kowa da layinsa bisa ranar da ya kama aiki. Tsarin shi ne a goge waɗanda za a sallama, a buga sabuwar rajista a aika hedikwata a ranar, su gwada da tsohuwa, duk sunan da suka ga babu su aiko masa da takardar sallama.

Ranar wata Talata da ƙarfe goma Dokta ya shigo ɗakinmu da 'yar takarda a hannu. Tun abin da ya faru bai sake zama a kujerar nan ba, ya dai san akwai abin da ya cije shi a wurin ko da bai san mene ne ba. Don kada sunaye su fita kafin lokaci, lambobi kawai ya rubuto. Ya ajiye a gaban Anti, na leƙo daga bayan injina na gani: 17, 40, 62, 88.

Anti ta haddace rajistar nan kamar sunayen 'ya'yanta, ita ta shigar da ita da hannunta. Ni lamba ɗaya kawai na sani a ciki, don ta sha yin wasa da ita tana cewa shekarun da take roƙon Allah ya ba ta ke nan. Tamanin da takwas ita ce. Mutumin nan ya kawo mata wuƙa ne ta yanka kanta, ya tsaya a kanta yana duba agogo.

"Ki bi su yadda na rubuta," ya ce. "Daga sama. Ba na son camfin nan naki yau."

Sai wani abu ya faɗo mini. In ta bi maganarsa, sunanta ba zai fita ba. Layuka za su matsa, d ɗin ƙarshe ya faɗa kan wani can. Shi zai sa hannu bai karanta ba, takardu su zo da sunayen da ba su ya zaɓa ba, ita kuma tana zaune a kujerarta, kuma a gabansa aka yi, da umarninsa. Duk ofishin zai ga abin da ya faru da yaran nan takwas. Injin zai faɗi abin da ni na kasa faɗa. Na ɗauki naɗin takarda kamar zan canza mata, na sunkuya dab da kunnenta.

"Anti, yi masa yadda ya ce. Don Allah yi masa. Bar shi ya ci abin da ya dafa."

Ba ta dube ni ba. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsunta, ta yi shiru kamar mai ƙirga wani abu a zuci. Sannan ta buga 88p.

Bebe ya yi ƙararsa ya fito da layin: OYELARAN ABEKE, da ranar da ta kama aiki.

"Na ce daga sama," in ji Dokta.

"Na ji, Sa."

Ta buga 88d. Shiru, kamar yadda ya saba in an yi daidai. Ta buga 62p, ta karanta, ta goge. Haka 40, haka 17. Ta buga w, injin ya nuna adadin haruffan da ya adana. Ta buga q. Duka bai kai minti biyu ba.

"Taurin kan nan shi ya kai ki inda kike," ya ce.

"An gama, Sa. Sikira za ta buga maka."

Na buga, ya sa hannu, ya fita. Ita kuma ta yage naɗin ranar, ta ɗaure da zare, ta rubuta kwanan wata, ta kai ɗakin ajiya kamar gobe za ta dawo. Ta buɗe aljihun tebur ta kwashe cokalinta da littafin waƙoƙin cocinta da man zafi. Na bi ta har baranda, a nan na fashe. Ban damu da wa ke ji ba.

"Haba Anti. Wace irin mace ce ke? Allah ya kawo miki shi har gida, ya miƙo wuyansa da kansa, kika ƙi. 'Ya'yanki uku fa. Wa zai gode miki? Shi? Ko hedikwatar da ko wasiƙarki ba ta amsa ba? Gaskiyar taki da me ta amfane ki?"

"Rage murya, ana jin ki."

"A ji mana. Ke kullum a rage murya, a rage murya, ga inda ya kai mu."

Da na faɗi haka sai na ji kunya, don ni ce na rage murya ranar da ake bukatar ta. Ita ba ta ce haka ba. Ta ciro kwalin sabulun nan daga jaka ta sa mini a hannu.

"Na koya miki p kafin d ko ban koya miki ba?"

"Kin koya mini."

"To kin ce in goge, kin duba wanda zai fita? Koma ciki ki ɗauko tsohuwar rajista. Layi uku ya ce a goge a samana, don haka ki ƙirga uku daga sunana ki yi ƙasa." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ki riƙa ɗaure naɗin kowace rana, kada ki bari ɓeraye su ci."

Ta sauka matakala ta nufi bakin titi. Na koma ciki ina huci, na jawo tsohuwar rajista, na sa yatsa a kan tamanin da takwas. Tamanin da tara, Adewusi direba. Casa'in, Okediran na ɗakin wasiƙu. Casa'in da ɗaya, ALABI SIKIRA.

Na daɗe zaune da yatsana a wurin. Wata huɗu tsakanin zuwanta da nawa, mutum biyu kawai aka ɗauka a tsakani, ni ban taɓa ƙirgawa ba, ita kuwa tun kafin ta taɓa injin ta ƙirga. Kunnenta nake raɗa wa ta kore ni, ni da sauran mutum biyu da ba su san ana yi ba.

Na tashi na banka ƙofar Dokta ban ƙwanƙwasa ba. Na ce masa shi ya zauna a kujerar ranar Juma'ar nan, ni na ba shi kalmar sirri, na gan shi da idona, kuma zan faɗa a gaban kowa. Ya bari na gama, ya ce kwamiti ya rufe fayil tuntuni, in ja masa ƙofa in zan fita. Na rubuta wa hedikwata. Har yau ina jiran amsa.

Anti Abeke ta koma ƙarƙashin mangwaron bakin kotu da tsohuwar tafiretarta, a nan ta yi sauran ƙarfinta har ta ga 'ya'yanta uku sun kama aiki. Ba ta kai tamanin da takwas ɗin da take roƙo ba, tana da sittin da ɗaya ta rasu. Dokta ya sami ƙarin girma sau biyu, da ya yi ritaya har saniya aka yanka. Ni na yi shekara goma sha takwas a kujerarta, na koya wa mutum ya fi ashirin daga kwalin nan kafin a fitar da Bebe a kawo masu gilashi. Duk Juma'a in na tashi aiki nakan biya bakin kotu da ƙunshin ƙosai. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce mata, "Anti, ranar kwamitin nan..." Ba ta ɗago daga takardar da take bugawa ba.

"'Ya'yanki huɗu ne lokacin, na sani," ta ce. "Miƙo mini ƙosan, wannan mutumin tun safe yake jiran takardarsa."